Wa Ake Kira Sabon Shiga a Ilimin Duwatsu Masu Aman Wuta?

Manyan ƙungiyoyin masana ilimin ƙasa kowace tana da lambar yabo da ta keɓe wa masu tasowa. Ƙungiyar masana duwatsu masu aman wuta ta duniya, wadda ake taƙaita sunanta da IAVCEI, tana ba da lambar George Walker. Reshen da ke kula da wannan fanni a ƙungiyar AGU ta Amurka yana ba da lambar Hisashi Kuno. Masu nazarin sinadaran ƙasa suna da biyu sanannu, lambar F. W. Clarke da kuma lambar Houtermans ta ƙungiyar Turai mai suna EAG. Kowace ɗaya tana tafe da abu biyu: sunan wani dattijo a fuskarta, da sharaɗin da ke fayyace wanda ya cancanci karɓarta. Jama'a sun fi kallon sunan, 'yan kwamiti kuwa sharaɗin suke riƙewa. Idan mutum ya karanta tarihin masu sunayen nan huɗu, sannan ya koma ya karanta sharuɗɗan, zai ga abin da ya kamata ya dami duk mai ƙaunar wannan ilimi. Aikin da ya fito da dattawan nan ya zo ne bayan wa'adin da lambobinsu suka gindaya ya wuce.

Kafin a kai nan, akwai buƙatar sanin dalilin da ya sa fannoni uku suke zama a inuwa ɗaya. Reshen AGU da na ambata sunansa jerin fannonin ne: ilimin duwatsu masu aman wuta, ilimin sinadaran ƙasa, da ilimin asalin duwatsu. Abin da ya haɗa su shi ne narkakken dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa. Mai nazarin aman wuta yana tambayar yadda yake fitowa, yaushe, da irin ɓarnar da zai yi. Mai nazarin asalin duwatsu yana jira ya daskare, ya yanko shi, ya goge yankin har ya koma siriri ƙwarai, kaurinsa kashi 3 cikin 100 na milimita, yadda haske zai ratsa shi. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, dutsen da ke baƙi ƙirin a hannu sai ya buɗe: ƙwayoyin olibin suna walƙiya da shuɗi da ja da ruwan ɗorawa, na filajiyokilas kuma toka-toka masu zane kamar an ja musu layi da rula. Daga waɗanda suka fara daskarewa da waɗanda suka zo daga baya yake karanto tarihin dutsen. Mai nazarin sinadarai shi kuma niƙe dutsen yake yi ya narkar da shi, ya ƙirga abin da ke ciki, ya faɗi shekarunsa da zurfin inda ya fito. Ita kanta IAVCEI ta faro ne a 1919 a matsayin sashen aman wuta kawai, sai a 1967 aka ƙara mata sinadaran cikin ƙasa a sunanta, domin an gane ba a fahimtar bakin dutse ba tare da sanin cikinsa ba.

To, wa ake nufi da mai tasowa? Da can kalmar da ake amfani da ita ita ce matashi, kuma da shekarun haihuwa ake aunawa. Lambar Macelwane ta AGU ta daɗe tana neman wanda bai kai shekara 36 ba. Lambar Donath ta ƙungiyar masana ƙasa ta Amurka an gina ta a kan shekara 35. Wannan ma'auni yana da sauƙi, takardar haihuwa kaɗai ta isa, amma yana zaluntar mutane da yawa: matar da ta tsaya haihuwa da reno, wanda ya yi shekaru yana aiki a ma'adinai kafin ya koma karatu, da wanda ƙasarsa ba ta da inda zai yi digiri na uku sai ya jira tallafi. Sannu a hankali yawancin ƙungiyoyin suka sauya kalma. Suka bar cewa matashi, suka koma cewa wanda ke farkon aikinsa na bincike, kuma suka daina ƙirga daga ranar haihuwa, suka koma ƙirga daga ranar karɓar digiri. Har lambar Arne Richter ta ƙungiyar EGU ta Turai an cire kalmar matasa daga sunanta.

Sai dai ba su daidaita a kan adadi ba. Lambar Walker tana karɓar wanda bai wuce shekara 7 da gama digiri na uku ba. AGU ta fi amfani da shekara 10. EAG ta ɗauki wata hanya dabam, tana ƙirga shekara 12 daga ranar da mutum ya fara digirin, saboda a wasu ƙasashen Turai ana gamawa cikin shekara uku ko huɗu, a Amurka kuwa ya kan kai biyar ko shida. Ke nan mutum ɗaya a shekara ɗaya yana iya zama sabon shiga a wurin wata ƙungiya, tsohon hannu a wurin wata. Ni a ganina sauya kalmar gyara ne na gaskiya, kuma ya buɗe ƙofa ga mutanen da a da ba su da ko damar ƙwanƙwasawa. Amma agogon nan, ko daga ina aka tayar da shi, yana ɗauka cewa hanyar masani miƙaƙƙiya ce: ka gama digiri, ka shiga ɗakin gwaje-gwaje mai kayan aiki, ka yi ta fitar da maƙaloli ba tsayawa.

Yanzu mu dubi masu sunayen.

George Walker an haife shi a Landan a 1926, ya yi karatu a Belfast, ya karɓi digiri na uku a Leeds a 1956. Shekarunsa na farko bai yi su a bakin dutse mai aman wuta ba. Ya yi su ne yana hawa da sauka a gabashin Aislan, yana leƙa 'yan ramukan da kumfar iska ta bari a cikin tsohon basalt, yana rubuta irin fararen ma'adinan da suka tsiro a ciki, waɗanda ake kira ziyolait. Ya lura cewa kowane iri yana da tsayin da yake zama a jikin tsauni, domin kowane yana buƙatar zafinsa da zurfinsa, kuma daga nan ya iya lissafa yawan dutsen da zaizaya ta kwashe daga sama. Aiki ne mai kyau, amma na ma'adinai ne. Juyawarsa zuwa aman wuta ta zo ne a tsakiyar shekarun 1960, bayan tsibirin Surtsey ya ɓullo daga teku a 1963. Kayan aikinsa a lokacin ba su wuce jerin rariya, ma'auni, tef da littafin rubutu ba. Yana tona rami a cikin tokar da dutse ya zubar, ya auna kaurinta, ya ɗebi kaɗan ya tankaɗe, ya auna abin da ya tsaya a kowace rariya, ya matsa gaba ya sake. Daga dubban irin waɗannan awo ya fito da tsarinsa na 1973, wanda ke rarraba aman wuta bisa faɗin inda toka ta kai da kuma laushinta. Shekara 17 ke nan bayan digirinsa, yana da shekara 47. An kafa lambar da ke ɗauke da sunansa a 2004, ya rasu a farkon 2005.

Labarin Fritz Houtermans ya fi wannan nauyi. An haife shi a 1903, ya yi digiri na uku a fannin fiziks a Göttingen a 1927, kuma a 1929 shi da Robert Atkinson suka yi lissafin farko na yadda haɗuwar ƙwayoyin zarra ke kunna taurari. Da 'yan Nazi suka hau mulki ya bar Jamus, ya ƙare a Kharkov ta Tarayyar Sobiyet. A ƙarshen 1937 'yan sandan ciki na Stalin suka kama shi, suka azabtar da shi, ya yi fiye da shekara biyu a kurkuku. A 1940 suka miƙa shi ga 'yan Gestapo, sai da Max von Laue ya sa baki aka sake shi. Ya yi aiki a Jamus lokacin yaƙi a kan binciken nukiliya, kuma wannan ɓangare na tarihinsa har yau masana tarihi suna tattaunawa a kansa. Sai a 1946, yana da shekara 43, ya fito da aikin da ya sa masu sinadaran ƙasa suke ɗaukarsa nasu: hanyar lissafa shekarun duniya daga nau'o'in dalma da yuraniyam ke rikiɗewa zuwa gare su, hanyar da Arthur Holmes shi ma ya gano a Birtaniya a shekarar. A 1953, da ya samu awon dalmar da Clair Patterson ya yi a duwatsun da suka faɗo daga sama, ya ce shekarun duniya kusan biliyan 4.5 ne. Mutumin da kurkuku biyu da yaƙi suka cinye masa shekarun ƙuruciya, shi ne sunansa ke kan lambar da ke ƙirga shekara 12.

Hisashi Kuno, ɗan Japan da aka haifa a 1910, ya fara nazarin dutsen Hakone tun yana ɗalibi a Jami'ar Tokyo, amma yaƙin duniya na biyu ya raba shi da aikin na wasu shekaru, kuma babbar maƙalarsa a kan Hakone sai a 1950 ta fito. Abin da aka fi tuna shi da shi ya zo ne daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa tsakiyar na 1960: ya nuna cewa idan ka ratsa Japan daga gefen tekun Pasifik ka nufi yamma, irin basalt ɗin da duwatsu ke fitarwa yana canzawa, yana ƙara yawan sinadaran alkali, kuma canjin yana tafiya tare da zurfin inda girgizar ƙasa ke tasowa a ƙarƙashinsu. Wannan kafin a yarda da cewa ɓawon teku yana nutsewa ƙarƙashin tsibiran ne. Ya rasu a Agustan 1969 yana da shekara 59.

Frank Wigglesworth Clarke kuwa tafiyar hawainiya ya yi da gangan. An haife shi a 1847, ya zama babban masanin sinadarai na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ya yi ta tara sakamakon awon duwatsu daga ko'ina. A 1889 ya fara fitar da lissafin yawan kowane sinadari a ɓawon ƙasa, inda ya nuna cewa oksijin ya kusa rabin nauyinsa, silikon kuma ya haura kashi ɗaya cikin huɗu. Babban littafinsa na bayanan sinadaran ƙasa ya fito a 1908, yana da shekara 61. Masanin Rasha Alexander Fersman ya karrama shi ta wata hanya da ta fi lamba daɗewa: ya sa ana kiran matsakaicin yawan sinadari a ɓawon ƙasa da sunan Clarke, kuma a littattafan Rasha har yanzu haka ake kiransa. Lambarsa, wadda aka fara bayarwa a 1972, tana da wani sharaɗi da nake ganin ya fi na sauran hikima. Ana ba da ita ne saboda gudummawa guda ɗaya fitacciya, maƙala ɗaya ko jerin maƙaloli a kan batu ɗaya. Ba tulin takardu ake aunawa ba.

Su kuma waɗanda tauraronsu ya haska tun da wuri, sunayensu sun tafi kan lambobin manya. Norman Bowen, ɗan Kanada, ya gama digiri na uku a 1912 yana da shekara 25, kuma cikin shekara goma ya kafa jerin da kowane ɗalibin ilimin ƙasa ke haddacewa, na yadda ma'adinai ke daskarewa ɗaya bayan ɗaya. Victor Goldschmidt ya rubuta kundinsa a 1911 yana da 23, ya zama farfesa a Oslo yana da 26. Lawrence Wager ya ci karo da duwatsun Skaergaard a gabashin Girinlan a tafiyar 1930 zuwa 1931 bai kai talatin ba. Lambar Goldschmidt ita ce ƙololuwa a sinadaran ƙasa, ta Bowen ta ƙwararru ce, ta Wager kuma ta masu tsakiyar aiki ce, har zuwa shekara 15 bayan digiri. Ba wanda ya shirya hakan. Ƙungiyoyi suna raba sunaye ne bisa girman mutum da lokacin da aka kafa lambar, wani lokacin ma bisa wanda ya ba da kuɗin, kamar ta Donath. Akwai ma wadda ba ta ɗauke da sunan kowa, wato lambar ƙungiyar masana ma'adinai ta Amurka da ake bai wa masu tasowa tun 1951.

A wurinmu idan aka mayar wa jariri sunan kakansa, ba kira kawai ake nufi ba, fata ake ya gaji halin mai sunan, shi ya sa ake cewa suna linzami ne. Haka nake karanta sunayen nan. Wanda aka ba lambar Walker ana ce masa ne ya je fili da ƙafarsa ya auna, kada ya zauna yana hasashe. Wanda aka ba ta Clarke ana tuna masa cewa ƙirga mai gajiyarwa ita ce tushe. Amma akwai darasi na biyu a cikin sunayen, wanda sharuɗɗan suka kasa ɗauka, cewa babban aiki yana iya zuwa a makare, bayan sauya fanni, bayan yaƙi, bayan ɗauri.

Kada a fahimce ni da cewa lambobin ba su da amfani. Suna da shi sosai. Mai shekara talatin da 'yan kai a wannan fanni galibi yana kan kwantiragin shekara biyu ko uku, bai san inda zai kwana baɗi ba, kuma lamba ɗaya tana iya zama abin da zai sa jami'a ta ba shi kujera ta dindindin. Terry Plank ta gama digiri na uku a Columbia a 1993. Aikinta ya nuna cewa laka da tarkacen da ke kwance a ƙasan teku, idan suka nutse a ramin da ɓawon teku ke shiga ƙarƙashin wani, sinadaransu suna sake fitowa a bakin duwatsun da ke sama, har ana iya gwada abin da ya shiga da abin da ya fito. A 1998 ta karɓi lambar Houtermans da ta Donath a shekara ɗaya, kuma abin da ta yi bayan haka ya gaskata masu zaɓen. Irin wannan shi ne lamba ta yi aikinta. Sai dai misalin yana nuna wani abu kuma: lamba tana jawo lamba, domin kwamiti na biyu yana ganin hukuncin na farko. Wanda aka gani da wuri ana ta ƙara ganinsa, wanda aka tsallake a shekarunsa bakwai na farko kuwa da wuya a waiwaye shi.

Akwai kuma dalilin da ya sa jinkirta yabo ke da haɗari a wannan fanni musamman. David Johnston ya gama digiri na uku a 1978. Ranar 18 ga Mayun 1980 yana zaune a wurin sa ido kusa da dutsen St. Helens lokacin da gefen dutsen ya zabtare, ya rasu yana da shekara 30. Sunansa aka sa wa cibiyar sa ido kan duwatsun Cascades. Ɗalibin da Johnston ya karɓi aiki daga hannunsa a wurin kwana ɗaya kafin nan, Harry Glicken, ya rayu ya yi nazarin zabtarewar nan dalla-dalla, sannan shi ma ya rasu a dutsen Unzen na Japan ranar 3 ga Yunin 1991 yana da shekara 33, tare da Maurice da Katia Krafft da wasu mutum arba'in. IAVCEI ta sa sunan ma'auratan a kan lambar da take bai wa masu yi wa al'ummomin da ke zaune a gindin duwatsu hidima. A duk waɗanda na lissafo da aka sa sunayensu a kan lambobi, Katia ce kaɗai mace, ita ma tare da mijinta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda agogon nan ke aiki a nahiyarmu. Ranar 21 ga Agustan 1986 tafkin Nyos da ke arewa maso yammacin Kamaru ya saki iskar kabon dayoksaid da ta daɗe tana taruwa a ƙasansa. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, don haka ta bi kwaruruka cikin dare, ta kashe mutum fiye da 1,700 da dubban shanu, da yawansu na Fulani makiyaya. Shekara biyu kafin nan tafkin Monoun ya kashe mutum 37 ta irin wannan hanya. Maganin da aka samo bututu ne da ake zurawa zuwa ƙasan tafkin, wanda zurfinsa ya kai kusan mita 200. Da zarar an jawo ruwan ƙasa sama, iskar da ke cikinsa sai ta kumfo ta ci gaba da tunkuɗo shi da kanta, ya yi tsiri sama ba tare da inji ba. An kafa na farko a Nyos a 2001. Amma bututu ba ya kula da kansa. Dole wani ya shiga kwalekwale ya je tsakiyar tafki, ya sauke kwalba zuwa zurfi daban-daban, ya auna iskar da ta rage, ya dawo baɗi ya sake. Haka a dutsen Kamaru da ya yi amai a 1999 da 2000, haka a Goma inda Nyiragongo ya kwararo cikin gari a 2002 ya sake tasowa a Mayun 2021. Aikin sa ido yana ceton rai, amma ba ya haifar da maƙaloli masu yawa, kuma idan maƙala ta fito sau da yawa sunan mai injin awo ne ke gaba, na mai kwalekwale yana tsakiya.

Ka ɗauki malamin jami'a a Buea ko Jos ko Yamai. Sau tari yana fara koyarwa da digiri na biyu, ya yi shekaru kafin ya samu tallafin digiri na uku a Jamus ko Japan ko Afirka ta Kudu, ya gama yana kusa da arba'in. A tsohon ma'auni na shekarun haihuwa ya fita tun kafin ya shiga, don haka sabuwar kalmar ta yi masa adalci. Amma ranar da ya sauka gida agogo ya fara tafiya. Ga ɗalibai ɗaruruwa a aji, ga wutar lantarki da ba ta tsayawa, ga injin auna nau'o'in sinadarai da babu shi a ƙasar baki ɗaya. Samfurin da takwaransa a Zurich zai auna cikin mako guda, shi sai ya nemi izinin fitarwa, ya aika, ya jira layi. Shekara bakwai ɗinsa da ta wancan sunansu ɗaya, abin da ke cikinsu ba ɗaya ba. Ƙungiyar EGU ta amince a tsawaita wa'adin ga wanda reno, jinyar iyali, rashin lafiya ko hidimar ƙasa suka tsayar. Wannan ci gaba ne. Amma duk uzurorin nan na wanda ya bar aiki ne na ɗan lokaci. Wanda bai bar aiki ba ko kwana ɗaya, kayan aikin ne suka bar shi, ba shi da layin da zai cike a fom.

Kuma ba wai yankinmu baƙo ba ne a wannan ilimi. Tsaunukan Biu da jerin tuddan Panyam da Kerang a Filato tsofaffin bakunan aman wuta ne. Duwatsun da suka ba Jos kuza, da 'yan'uwansu da suka miƙe arewa har Ayar a Nijar, saiwoyin duwatsu masu aman wuta ne da zaizaya ta tone, kuma masana na duniya sun daɗe suna nazarinsu. Fannin ma yana da al'adar karɓar suna daga inda abu yake. Kalmar lahar, wato ambaliyar laka daga jikin dutse, daga harshen Jawa na Indunusiya ta fito. Sunayen nau'o'in kwararar narkakken dutse guda biyu, mai santsi da mai kaushi, daga harshen mutanen Hawai aka aro su. Mafi ƙarfin aman wuta ana kiransa da sunan Pliny ƙarami, wanda ya ga aman dutsen Vesuvius a shekara ta 79 yana ɗan shekara 17, ya kuma rubuta abin da ya gani.

Mu ma muna da namu a cikin ƙamus ɗin. A kewayen garin Bauchi akwai wani dutse mai duhu, mai ɗan kore-kore, wanda J. D. Falconer ya fara bayyanawa a 1911. Abin da ya bambanta shi shi ne yana haɗa ma'adinai biyu da ba su saba zama tare ba, kwaz da olibin. A ƙa'ida idan suka haɗu a narkakken dutse sukan rikiɗe su zama wani ma'adini na uku, sai fa idan olibin ɗin mai yawan ƙarfe ne ƙwarai, irin wanda ake kira fayalait. Mosobalaje Oyawoye, ɗan Offa da ya gama digiri na uku a Durham, shi ne ya zauna a kan dutsen nan ya yi masa nazari, kuma a shekarun 1960 ya raɗa masa suna daga garin, ake kiransa bauchite a littattafan duniya. A lokacin bai fi 'yan shekaru da gama digiri ba, wato daidai wanda yau za a kira mai farkon aiki. Ya zama farfesa a Ibadan a 1966, ya rasu a 2023. Aikin da ya yi a shekarunsa na farko ya nuna cewa abin da ake nema a wurin mai tasowa ana iya yinsa daga nan, idan akwai madubi, da lokaci, da wanda zai karanta.

Wanda zai karanta ɗin nan shi ne ƙashin bayan maganar. Yawancin lambobin nan sai wani ya gabatar da sunanka, ya rubuta wasiƙa, ya nemo wasu manyan masana su ma su rubuta. Kwamiti ba ya zaɓen wanda ba a kawo masa ba. Farfesa a Turai ko Amurka ya san watan da ake buɗe karɓar sunaye, ya san irin kalmomin da ake so a wasiƙa, domin shi ma ya taɓa zama a kwamitin. Manyanmu da yawa ba su ɗauki wannan a matsayin wani ɓangare na aikinsu ba, su kuma abokan hulɗa na waje da suka yi shekaru suna cin moriyar samfurin Nyos da na dutsen Kamaru ba kasafai suke tuna abokin aikinsu na gida ba idan lokacin ya zo. Wannan gyara ba ya buƙatar kuɗi. Gyara na biyu na ƙungiyoyin ne: a bar mai gabatarwa ya bayyana yanayin da aka yi aikin, nauyin koyarwa da watannin jiran inji, kwamiti ya auna da su, kuma a ɗauki shekarun sa ido a kan tafki ko dutse a matsayin aikin ilimi cikakke. Sharaɗin lambar Clarke na duba gudummawa guda ɗaya ya riga ya nuna hanya, domin maƙala ɗaya mai kyau a kan duwatsun Biu ana iya rubuta ta daga Maiduguri, maƙala talatin cikin shekara bakwai kuwa sai mai inji a ƙarshen baranda.